Amshin Ɗanasabe a Bikin Matasan Mafara

Shekarar da manyan motoci suka fara haƙa dam a Bakolori, Ɗanasabe yana ɗan shekara goma sha tara, kuma a shekarar ce ya shiga bayan Jatau makaɗin noma ya zama ɗan amshi. Ba daɗin murya ne ya kai shi ba, don muryarsa ƙarfi kawai gare ta. Kunne ne ya kai shi. Jatau zai ja waƙa ga manoma a wurin gayya, ko ga leburorin dam ranar hutu, da ya kai inda numfashi zai yanke masa sai Ɗanasabe ya cafe kafin kalmar ƙarshe ta faɗi ƙasa. In kuwa maigida ya manta baiti, 'yan amshi su yi ta juya amshin har ya tuno, masu saurare su ɗauka daɗi ne ya sa ake maimaitawa. Asirin sana'ar ke nan, kuma Ɗanasabe ya iya shi fiye da kowa.

Ruwa ya cinye tsohuwar gonar gidansu, suka tashi suka koma garin Kaya. Daga baya ya sami ɗan fili a wurin ban-ruwa, yana shuka shinkafa da rake. Shekara talatin yana noma yana bin Jatau, yau Maradun, gobe Bakura, jibi Morai. Bai taɓa faɗin baiti ɗaya na kansa ba, kuma bai taɓa sha'awa ba.

Da Jatau ya rasu, sauran 'yan amshi suka watse, wani ya kama acaba, wani dillancin awaki. Ɗanasabe aka bari da amshi cike da baki, babu wanda zai ba. Sai ya koma yi wa duk abin da ya ji. Mai tallar manja ta wuce, ya amsa mata. Matarsa Marka ta ce, "Ka bar ƙyaure buɗe, awaki sun shiga!" shi kuwa daga bayan ɗaki ya ja murya, "Sun shiga, sun shiga!" Takan jefe shi da marar tuwo tana dariya. Amma da shekaru suka kai goma sha ɗaya, ya daina ko wannan. In ya dawo daga gona sai ya zauna kan turmi shiru har magariba. Shirun nan ya tsorata Marka, don ta san mijinta: an yi shi ne don ya tsaya bayan wani, ga shi babu wanin.

Kowace shekara bayan yankan shinkafa, matasan Talata Mafara kan yi bikinsu a filin ƙwallo, daga azahar zuwa dab da magariba. Masu rawa da ka a ƙasa, masu zane a kan katako, masu wasa da keke, sai kuma masu waƙar da su suke kira hip-hop, manya kuwa suke cewa gambarar zamani. Marka ce ta tura shi. "Tahi da rakenka," in ji ta. "Yaran da ka ihu wuni guda, ƙishirwa za su ji." Ita dai so take ya fita ya ga mutane.

Ya kafa damminsa kusa da dandamali yana fere. Wandunan yaran ba su dame shi ba, balle hulunansu da suka juya baya. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne kowane mawaƙi shi kaɗai yake hawa, na'ura na buga masa kiɗa, bayansa wayam. Ya kasa haƙuri ya tambayi wani mai sayen rake, "Wai ina mutanenai? Wanga yaro ba shi da kowa?" Aka ce masa ai haka ake yi. Ya girgiza kai, tausayi ya kama shi.

Bayan la'asar aka kira Gidaɗo, wani Bafillace mai gyaran waya a Bakura, dogo siriri, ranar ce hawansa na farko. Waƙarsa kan kakansa ce, wanda rugarsu take ƙarƙashin ruwan dam. Yana zuba magana da sauri kamar ana sheƙa gero, har ya kai inda ya ce, "Ruwan Bakolori ya san sunan kakana." Daga nan sai ya tsaya cik. Baitin gaba ya gudu. Kiɗa na ta tafiya, shi kuwa yana riƙe da makirufo, bakinsa a buɗe. Aka fara fito, wasu daga baya suna "Sauka! Sauka!"

Ɗanasabe bai yi shawara da kowa ba, ko da kansa. Wuƙa a hannun dama, rake a na hagu, ya ɗaga kai ya saki muryar nan da ta saba ratsa gona guda: "Ya san sunan kakana, ruwan Bakolori, ya san sunan kakana!"

Fili ya kwashe da dariya, an ɗauka tsohon mai rake tsiya yake yi wa yaron. Masu tsaron taro biyu suka nufo shi. Ya gan su, kunya ta rufe shi. Amma ɗan amshi ba ya saki sai maigida ya dawo. Ya sake ja, daidai kan kiɗan, ya kuma ja. A na uku wasu 'yan mata da ke gaba suka kama. A na huɗu rabin fili ya kama, har masu tsaron suka tsaya suna duban juna. Gidaɗo ya ja numfashi, baitin ya dawo masa, ya ci gaba. Kuma yaron yana da kai: duk inda ya kai gaɓa sai ya dakata ya waiwayo wajen dammin rake, Ɗanasabe ya cafe.

Da Gidaɗo ya sauka bai bi abokansa ba, ya zo gaban Ɗanasabe ya durƙusa.

"Baba, ina wuni? Ina gajiya?"

"Lahiya lau. Ina gida, ina iyayenka, ina dabbobi?" Sai da Ɗanasabe ya kai gaisuwar ƙarshenta, sannan ya ɗaure fuska. "Kai, wa ya bar ka ka hau kai ɗai? In ka hwaɗi, wa ka tarbe ka?"

"Ba ni da kowa, Baba. Mu haka muka yi."

"Kuma kana gudu kamar an biyo ka. Ka riƙa barin ƙohwa, mutum shi samu wurin shiga."

Gidaɗo ya yi dariya, ya ce masu shirya biki suna so Baba ya hau ya yi waƙa tasa, ga makirufo. Ɗanasabe ya ja da baya kamar an miƙo masa garwashi. "A'a, ɗana. Ni ba ni hwaɗi. Kai ka hwaɗi, ni in amsa."

"To baɗi, in Allah Ya kai mu, za ka tsaya bayana?"

Ɗanasabe ya dubi wuƙar da ke hannunsa. Shekara goma sha ɗaya babu wanda ya yi masa wannan tambaya.

"Baɗi ta yi nisa ga tsoho," ya ce. "Ba ka da wani wasa kusa?"

"Akwai suna ran Assabar, a Bakura."

"To ka zo Kaya ka ɗauke ni da hantsi. Ka zo da baitocin duka, in ji inda kaka numfashi."