Warƙar da kuke yaɗawa ba hannun Goni Kyari ba ne

Goni Kyari ya rasu.

Da safen nan, ko kunun da aka ajiye min ban taɓa ba, babban ɗansa ya kira ni. Ya ce Baba ya cika bayan sallar asuba. Na Allah ne mu, wurinsa kuma za mu koma. Na riƙe wayar a hannu har ta yi duhu, na rasa wanda zan fara faɗa wa.

Ban gama share hawaye ba sai ga abu ya shigo guruf ɗin unguwa. Hoton wata tsohuwar warƙar Alƙur'ani ne, wato takarda ɗaya daga cikinsa, rubutun hannu, da ɗan jan rubutu a gefenta. A ƙasa an rubuta wai Goni ya hango yaƙin Yahudawa da Larabawa tun sama da shekara hamsin, wai ga hujja da hannunsa. Kafin hantsi na gan shi a guruf uku. Wani har ya ɗora masa ƙarar bindiga.

Tir da wannan hali.

Ko wanka ba a yi wa bawan Allah ba, kun fara talla da shi. Wanda ya ɗauki hoton ma ya san abin da yake yi, domin ya yanke wurin da aka rubuta shekara, kada a ga ta wuce tun kafin a haifi ubansa.

To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Rubutun nan ba na Goni ba ne. Nawa ne. Kuma ba hange ba ne, shirme ne da ya raba uwa da ɗanta, ya ɓata sunan mutumin kirki, ni kuma na yi shiru. Ku yi haƙuri da tsawon maganar, yau ba zan iya gajarta ta ba.

Daga Kano na zo garin nan na Maiduguri ina saurayi, don in gyara hannuna a rubutun Alƙur'ani. A wurin malami ɗaya muka yi karatu da Goni, shi ya sa hannunmu ya yi kama har malaminmu kan rikice. Ya girme ni da ƴan shekaru, ya kuma fi ni karatu nesa ba kusa ba.

Da muka gama, shi ya ba ni wuri a rumfarsa a unguwar Mafoni, ƙarƙashin wata dalbejiya. Bai taɓa kirana da sunana ba, sai Afuno, yadda Barebari ke kiran Bahaushe. Shi yake feƙe min alƙalami, wai in na feƙe da kaina kamar tsinken tsire yake fitowa. Kullum da rana za a kawo burabusko daga gidansu, ya tura min kwanon ya ce shi ya ƙoshi. Na daɗe kafin in gane ba ƙoshi ba ne.

Akwai wani abokinmu Jidda, ɗan Shuwa, mai fataucin fatu. Shi kaɗai ne namiji a wurin mahaifiyarsa, sai ƙanwarsa Halime. Shi ke da rediyo, kuma shi ke jin Larabcin masu labarai, don haka bayan la'asar a rumfarmu ake taruwa yana fassara mana. A lokacin ya ba mu aikin rubuta wa mahaifiyarsa Alƙur'ani, ni nake yin aikin.

Shekarar da aka fara yaƙin basasa ce, ana dab da faɗuwar damina. Rediyo ba ta da magana sai ta Masar da Isra'ila, yau a ce za a gwabza, gobe a ce an ja daga. Gari ya ɗauka. Duk wanda ya iya alif da ba ya zama mai fassara. Wannan ya jawo aya, wancan ya jawo hadisi, kowa na rantsuwa cewa wannan yaƙin ake nufi.

Ni kuma na koyi ɗan hisabi a wurin wani malami mai wucewa, irin wanda ake ba kowane harafi adadi a tara. Kan nan nawa ya kumbura. Na ɗauki ayoyin da suka ambaci Bani Isra'ila na tara haruffa, lissafin bai ba ni shekarar da muke ciki ba. Na bar kalma ɗaya, bai yi ba. Na ƙaro wata daga ayar gaba. Haka na yi ta ja da ragewa har ya faɗo daidai.

Na san abin da na yi. Ba kuskure ba ne. So nake a ce Afuno ma ya san wani abu.

Na nuna wa Goni lissafin. Ya duba, ya miƙo min takardata, ya ci gaba da dama tawada. Abin da ya ce bai fi wannan ba: "Afuno, littafin nan ba jarida ba ne. Kada ka sa masa kwanan wata."

Na ce a raina hassada ce.

Da yaƙin ya ɓarke, Jidda ya zo da rediyo tun hantsi. Mai labarai na ta ihu, wai an kakkaɓo jiragen Yahudawa ba adadi, wai saura ƙiris. Mutane na kabbara har kan titi. Goni ya ɗauki alƙalumansa ya koma bayan rumfa. Wani ya tambaye shi ko ba ya murna ne, ya ce waɗanda ake kashewa can, ta kowane ɓangare, uwaye ne suka haife su. An yi masa dariya, har da ni.

Washegari ya tafi suna a danginsu. Ni kaɗai a rumfa, kuma aikin mahaifiyar Jidda ya kawo daidai waɗannan ayoyi. Na tsoma alƙalami a jar tawada, wadda muke yin wasali da ita, na rubuta a gefen warƙar: bana ne, wanda ya halarta ya rabauta. Na sa shekara a ƙasa.

A gefen maganar Allah na rubuta wannan.

Jidda ya zo ya gani. Ya karanta, ya sake karantawa. Ya tambaye ni ko na tabbata, na ce haruffa ba sa ƙarya. Kun san Alƙur'anin Barno ba a ɗinke shi, warƙa-warƙa ne. Ya zare ta ya ce zai dawo da ita.

Bayan kwana biyu ya hau babbar mota ta hanyar alhazai ta ƙasa, wadda ke bi ta Chadi da Sudan. Bai yi sallama da kowa ba. Warƙar ya bar wa mahaifiyarsa a kan gado, don ta san dalilinsa.

Tafiyar wata da watanni ce. Yaƙin kuwa kwana shida aka yi. Ina jin ko Chadi bai gama ratsawa ba aka gama, kuma ba yadda rediyo ta faɗa ba.

Masu fassarar nan fa? Ko a jikinsu. Waɗanda suka rantse jiya cewa ayar nasara ce, su ne suka wayi gari suna cewa ai ayar jarrabawa ce, dama sun faɗa. Ba wanda ya ce na yi kuskure. Abin ƙyama, wallahi. Kuma ina cikinsu, domin ni ma har na fara duba ko lissafin zai ba da baɗi.

Mahaifiyar Jidda ta zo rumfa da warƙar a hannu, Halime na biye da ita, da kawunnansa biyu kowanne da sanda. Ba ta ɗaga murya ba. Ta tambaya hannun wane ne wannan.

Na kafa wa kurtun tawada ido. Matata ta haihu bai fi sati uku ba, ba ni da kowa a garin nan, ga sanduna. Duk wannan gaskiya ne, amma ba shi ya rufe min baki ba. Tsoro ne da rashin mutunci.

Goni ya karɓi warƙar ya duba. Ranar ya fara ganinta. Bai ko kalle ni ba, ya ce daga rumfarsa ta fito, shi za a tambaya.

Matar nan ta tofa yawu a gaban tabarmarsa. Ta ce Allah ya isa tsakaninta da shi, ta karɓi warƙarta ta juya. Kawunnan sun so su yi rigima, amma Goni ɗan gari ne, danginsa sun cika unguwarsu ta Abbaganaram, sai dattawa suka shiga tsakani. Da ni ne, da ranar zan bar Maiduguri, in ma na bar ta da ƙafafuna.

Da suka watse na fara kame-kame. Ya katse ni: "Ni ina da dangi a nan. Kai wa gare ka, Afuno?"

Ana cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ni na ja, shi ya jiƙe. A shekarar aka hana shi jan baƙi a tafsirin masallacin unguwa. Masu kawo aiki suka ragu, wasu ma suka riƙa kawo min a gida, wai sun fi yarda da hannuna. Na karɓa. Ku ji da kyau, na karɓa. Ƴan unguwa suka laƙaba masa Goni Bana-ne, in ya wuce a faɗa ƙasa-ƙasa a yi dariya. Sunan ya bi shi shekaru.

Jidda bai dawo ba. Wasu alhazai sun ce sun ga mai kama da shi a wani gari a Sudan yana aikin auduga, wasu suka ce zazzaɓi ya kashe shi a hanya. Duk lokacin da ayarin alhazai ya iso, Goni zai ajiye aiki ya je ya yi ta tambaya, mota bayan mota. Ni ban taɓa raka shi ba.

Mahaifiyar ta rasu ba ta yafe masa ba. Ya je jana'izarta ya tsaya a sahun ƙarshe.

Duk da haka bai canza min fuska ba ko sau ɗaya. Shi ya yi wa ƴaƴana huɗuba. Da matata ta rasu, kwana bakwai yana zaune a ƙofar gidana yana karɓar gaisuwa kamar ɗan'uwansa na jini. Ni kuma na ci gaba da zama Malam, ana ba ni sahun gaba, ana neman addu'ata.

Ganinmu na ƙarshe kafin azumin da ya wuce ne. Na hau keke mai ƙafa uku na je gidansa a Abbaganaram. Idonsa ya tafi gaba ɗaya, amma daga sallamata ya ce Afuno ne, a kawo masa tabarma mai kyau kada ya je Kano ya yi da mu. Ya kama hannuna yana laluben kantar alƙalami a yatsana, yana dariya wai har yanzu ban iya riƙo ba.

Na ce masa wayoyin nan sun cika da masu jawo aya a kan yaƙin da ake yi yanzu, kowa da shekararsa. Ya ce ana kunna masa, yana jin su, muryoyin ne kawai suka canza. Sai na samu kaina ina roƙonsa gafara, karo na farko a duk shekarun nan.

Sannan ya ce: "Nawa na yafe tun a rumfa. Amma ba haƙƙina kaɗai ba ne. Halime tana nan da rai, a unguwar Maisandari."

Na ce zan je. Na ce bayan salla. Salla ta wuce, babbar salla ma ta wuce, kullum da uzurin da nake samu, yau ƙafa gobe rana. Jiya ma na ce sai sati mai zuwa.

Yanzu ga shi ya tafi, kuma Halime tana can tana ganin mutumin da ya tura yayanta Jidda ne ya mutu. Warƙar a hannun jikokinta take, daga can hoton ya fito.

Don haka ina roƙon duk wanda ya yi sharin hoton nan ya goge. In kuma dole sai kun yaɗa, ku sa sunana, ku rubuta cewa mai shi ya yi ƙarya a gefen littafin Allah don a yabe shi. Ku kuma masu zama da waya kuna tara haruffa kuna sa wa yaƙi rana, ina jin ƙyamar abin da kuke yi domin na san shi ciki da waje. Akwai wani yana karanta ku da gaske, kuma ba ku ne za ku hau motar ba.

Za a yi jana'izar Goni bayan azahar a ƙofar gidansa. Daga maƙabarta ba gida zan koma ba. Na riga na kira mai keke, na ce masa Maisandari.

Ya Allah, bawanka Kyari ya rufa min asirin da ban cancanta ba, ka rufa masa nasa ranar da babu mai rufawa sai kai. Ka haskaka kabarinsa da haruffan da ya rubuta, waɗanda bai taɓa ƙara musu ko ɗigo ba. Ka jiƙan Jidda a duk ƙasar da ta rufe shi, ka jiƙan mahaifiyarsa.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi wa Goni addu'a da sunansa na gaskiya. Ni kuma ku roƙa min abu ɗaya: in na isa ƙofar Halime, Allah ya sa kada in ce wa mai keke ya wuce.