Tashen Gwaggo Delu a Hawa na Sha Huɗu

Ku da kuka san Gwaggo Delu a unguwar Wangsa Maju ta Malesiya, kun san ba ta yar da robar tapau, wato wadda ake ƙunso abincin saye a ciki. Wankewa take ta jera, har kicin ɗinmu ya koma kamar rumfar mai robobi. Yayar babana ce. Na kawo ta daga Kano da matata ta haihu, ta zo yin wata uku, ta shekara shida. Ba Turanci, ba Malayanci, jikokin ma da Turanci suke amsa mata. Mu fice tun safe, a bar ta a hawa na sha huɗu, daga ita sai taga.

Ƙarshen wata Oktoba aka ƙwanƙwasa ƙofa, ta buɗe ta ga yara masu yawon bikin Halowin cikin kayan dodanni, kowa da bokitin karɓar alawa. Daɗi kamar ya kashe ta, wai tashe ya iso Malesiya, ba ma da azumi ba! Ta tsare su da nuni: ba wasa, ba sadaka. Wani mai kayan ƙwarangwal ya ɗan girgiza kafaɗa. Ta ce rawar ba armashi, amma ta auna masa ɗanyar shinkafa kofi guda a kan cakulan ɗinsa.

Da shekara ta zagayo, masu kula da ginin suka ce ƙofar da aka ajiye wa kabewa kaɗai za a buga. Matata ta sayo. Kafin la'asar Gwaggo ta fere rabi ta yi miyar taushe, ta jingina sauran a bakin ƙofa, gefen da ta yanka yana kallon bango.

Na ce, "Gwaggo, ai ta ado ce!"

"To wa zai leƙa bayanta?"

Alawar kanti kuwa ta hana saye, wai tsadar banza. Tuwon madara take tuƙawa ta zuba a robobinta, ta kafa wa kowane yaro sharaɗin dawo da roba. Muka yi ta tsokanarta da rowa. Sai daga baya na lura, mako guda ake yi ana buga mata ƙofa ana miƙo roba, tana ta zuba musu Hausa.

Shekararta ta ƙarshe kuɗin tallafin karatuna ya makara. Na ce bana ba kabewa, ba madara, ai dama ba al'adarmu ba ce. Ita da kullum take min faɗan almubazzaranci, me za ta ce?

Ranar Halowin da magariba na dawo na tarar ta ja kujera bayan ƙofa, ta yafa mayafinta na Sallah. Muna ji yaran suna gudu suna dariya, suna wuce mu. Da hayaniyar ta lafa ta dube ni.

"Habu, ashe kabewar suke gaisarwa."

Ba ta ga wata Oktobar ba. Har yau in na tuna maganar nan kunya nake ji.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya haskaka kabarinta, ya haɗa ta da maƙwabta masu amsa mata da Hausa. Ni kuma ya yafe min.