Malamin Falsafa da Lamba Goma Sha Biyu

Tun shigowar malamin ofishin yin katin shaida, wata mai shara take satar kallonsa. Dogo ne siriri, kwat ɗinsa ta sha guga har tana ƙyalli, ga fensir a bayan kunne, ga ƙaton littafi a cinya. Ba ta tantama yana cikin mazan da matansu ke ɗumama musu abinci sau biyu.

Lambar layinsa arba'in da bakwai ce. Sai ga tsintsiyarta ta turo wata 'yar takarda gaban takalminsa, lamba goma sha biyu, wani ya yar. Ya ɗauka, ya gyara tabarau.

"Iya, shekara ashirin ina koyar da falsafar Turawa kan daidai da kuskure," in ji shi. "Wasu sun ce a duba amfanin jama'a, ni kuwa ɗalibai ɗari na jirana a aji. Wasu sun ce ƙa'ida ƙa'ida ce, ko ba mai ganinka. Na can dā kuma suka ce tambayi kanka me mutumin kirki zai yi."

"To, kai me ka ce, Malam?"

Sai ya buɗe littafin. Ana ta kiran lambobi, shi yana ta ja wa jimloli layi, leɓɓansa na motsi. Ta gama shara, ta goge tagogi, ta dawo.

"Arba'in da takwas!"

"Malam," in ji ta, "taka ma ta wuce. Mutumin kirki dai sai ya tashi ya karɓo sabuwa."