Kawu Mai Waya Zai Ajiye Aiki

Kafin ƙarfe takwas Kawu Mai Waya ya buɗe shagonsa, ya shimfiɗa farin ƙyalle a tebur, ya jera 'yan kayan gyaransa. Shekara ashirin da biyu ke nan yana haka. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, ido ya gaji.

Wayoyin da ake buɗewa da zanen yatsa su suka fi tara masa jama'a. Wani magini ya zo yana faɗa, wai wayarsa ta daina gane shi. Kawu ya kama hannunsa ya duba, ya ce, "Siminti ya cinye maka babban yatsa. Kawo ɗan ƙaramin, shi ne malalacin gidan." Ya sa masa shi, ya kuma sa shi haddace lambar sirri.

A gabana wani ya raɗa masa, "Kawu, yatsan mai barci yana buɗe waya?" Kawu bai ko ɗago kai ba. "Tashe shi ka tambaye shi."

Telar da shagonta ke kallon nasa ita ta ba ni labarin wata mata da ta zo da wayar mijinta, kwana tara da rasuwarsa. Muryarsa na ciki, yatsan da ke buɗe ta kuwa yana cikin ƙasa. An ce mata ta kawo a fasa kullen wayar. Kawu ya ce, "'Yata, in na ce zan iya na yi miki ƙarya, sai dai in goge komai. Kada ki yi ta gwada lamba barkatai, za ta kulle. Je ki gida ki yi tunani a nutse." Bayan kwana uku ta dawo da lambobi uku a takarda. Ta biyu ce ta buɗe: ranar haihuwar 'yarsu ta fari. Da ta kunna muryar, Kawu ya fita ya bar mata shagon.

Kawu, kai ne rumbu mai marfi. Sirrin rabin unguwar nan ya bi ta hannunka, ba mu taɓa jin ko ɗaya a bakin wani ba. Mun gode, Allah ya ƙara wa idon nan haske.

Ku masu gyara da ke tasowa, hannu kam kuna da shi. Ku je wurin Kawu kafin wata ya ƙare, ku koyi kau da kai.