Butar Halliru

Ni da Uzairu katanga ɗaya ce ta raba mu a Madachi, ita ma gajeriya, don haka babu abin da yake yi da ban sani ba. Gyaran babur yake yi a Rano. Hannunsa na da kyau, amma hankalinsa ba ya zama a jikin inji. Za ka kai masa babur, ya saurara, ya gyara, sannan ya tsaya yana jujjuya tsohuwar wayar birkin da ya cire kamar ya tsinci zinariya. Ka tabbata wayar nan a gidansa za ta kwana.

Akwai wani benci a gindin dalbejiyar tsakar gidansu. A nan yake haɗa 'yan ƙananan tankokin yaƙi, waɗanda ba su fi tafin hannu ba. Ta farkon a kayan gwanjo ya samo ta a Kano: kwali ne cike da gutsattsarin roba, kana bin hoto kana manna su da gam. Da ya gama ya ƙura mata ido, ya ce ba ta yi kama da wadda mutum ya taɓa zama a cikinta ba. Daga nan ya fara yi mata kaya da kansa. Gwangwanin madara ya fitar masa da shebur da jarka. Wayar birki ta zama eriya, zaren buhu ya zama igiya, wani tsohon hankici kuwa ya naɗe shi ya ce bargo ne. In ya gama fenti sai ya jiƙa jar ƙasar ƙofar gida ya shafa mata a ƙafafu, don a ga ta sha tafiya.

Doka ɗaya gare shi: a wannan duniyar tasa, tsawon mutum tsinken ashana ne. Komai da tsinken yake aunawa. Na taɓa ganin ya watsar da aikin yini guda, wai shebur ɗin ya fi ƙarfin sojan da zai ɗauka.

Na ce, "Malam Uzairu, wane sojan? Babu kowa a ciki fa."

Ya ce, "Kai ne ba ka gan shi ba."

Ai kuwa na san wanda yake gani. Yayansa Halliru soja ne, direban tankar yaƙi. Ya tafi yaƙi can gabas, labari ne kawai ya dawo, babu gawa, babu kabarin da za a je a tsaya. Tun daga lokacin, in hadari ya taso ta kan duwatsun Rano, sai ka ga Uzairu ya ajiye almakashi yana kallon sama, bakinsa na motsi kamar yana hira da wani.

Mahaifiyarsu, Inna Sakinatu, ba ta taɓa sa baki a wannan aikin ba. Halliru ɗanta ne na fari, ita kuwa irin matan nan ne masu kunya ta gaske. Tun yana goye ba ta kiran sunansa, sai dai ta ce "wancan". Ranar da aka zo gaisuwa ma ita ce ke ba mutane haƙuri. Daga baya idonta ya tafi, sai ta riƙa shimfiɗa tabarma kusa da bencin, tana sauraron ƙarar gwangwani.

Wata la'asar bayan an ɗauke ruwa, ina jingine da katanga, na ji ta ce a miƙo mata abin nan ta taɓa. Uzairu ya ɗora mata a cinya. Yatsunta suka bi ta a hankali.

"Wannan fa?"

"Jarkar mai ce, Inna."

"Wannan?"

"Bargo."

Ta zagaya har ta dawo inda ta fara. Ta ce, "Ina butar?"

Sai ta ci gaba, muryarta ƙasa-ƙasa: "Ranar da wancan zai koma, na saya masa buta. Na kasa miƙa masa. Na ajiye a bakin ƙofa ko zai gani, ya wuce bai gani ba. Tana nan ƙarƙashin gadona. Kullum sai na yi tunanin da me yake alwala."

Wallahi tausayinta ya kama ni.

Uzairu ya ɗauko tsinken ashanarsa ya auna, ya ƙera buta kamar ƙwayar wake, har da hanci da mariƙi. Ni da nake da ido sai da na yi mamaki. Amma da ya ɗora yatsan Inna a kai, ta shafa, ta sake shafawa, ta ce, "Wannan ai tsakuwa ce." Ta juya fuskarta ga bango, tuwon ranar ma da kyar ta taɓa shi, na washegari kuma haka ya koma.

Kwanaki ina ganinsa zaune da tsinken a hannu, babu aiki. Rannan da hantsi ya shiga ɗakin Inna ya fito da butar ta gaske, sabuwa fil har yanzu, ya ajiye ta gabansa. Ya yanka gwangwani, ya kunna wuta ya narka dalma. Abin da ya fito ya kai ƙwan zabo girma, ya fi ƙofar tankar nesa ba kusa ba.

Bakina ba ya shiru. Na ce, "To, sojan nan sai ya shiga ciki ya yi wanka." Na duba bencin, babu tsinken ashana a kai.

Ya ɗaure butar a bayan tankar da zaren buhu, ya kai wa Inna. Yatsunta suka sauka a kan mariƙin, suka gangara har bakin hancin, suka tsaya. Ta ce a kawo ruwa. Ta tsoma yatsa a moɗa tana ɗigawa a ciki, ɗigo bayan ɗigo, har ya cika ya zubo mata a zane.

Sannan ta ce, "Halliru, ga butarka."

Tunda nake a Madachi ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Uzairu ya tashi ya shiga ɗaki, ni ma na sauka daga katanga.