Sunan da Ke Cikin Riga Mai Lamba Ɗaya

Shekara bakwai ke nan da muka sallaci Malam Habu bayan la'asar muka kai shi maƙabartar Baƙi'a. A ranar kowa faɗi yake ya dace, ƙasar Madina ta karɓe shi, kuma gaskiya ne. Duk shekara idan wannan wata ya zagayo nakan yi niyyar rubuta wani abu a kansa, sai in ajiye alƙalamin, don na san in na fara yabonsa dole in kai ga inda zan tona kaina. Bana ba ni da sauran abin ɓoyewa. Ƙungiyar ƙwallon da ya bar mini amana ta mutu ranar Alhamis ɗin da ta wuce, kuma a hannuna ta mutu.

Wuri ɗaya muka yi aiki da shi, wata kwalejin koyon sana'a da ke arewacin gari, wajen Uhudu. Ni ina koyar da lissafi, shi yana kula da kayan ɗakin gwaje-gwaje. Bakatsine ne, gajere, mai ɗingishi a ƙafar hagu, kuma ban taɓa ganin ya buga ƙwallo ta tafi inda ya nufa ba. Amma shi ya riƙe ƙungiyar kwalejin shekara da shekaru ba tare da an ƙara masa komai a albashi ba. 'Yan ƙasa sun fi son manyan filayen cikin gari, saboda haka sannu a hankali ƙungiyar ta koma ta yaranmu: na Kano, na Maraɗi, na Chadi, na Sudan, da waɗanda aka haifa a nan, masu jin Hausa su amsa da Larabci.

Wanda bai ga ranar wasan gida a zamanin Habu ba, ban san yadda zan ba shi labari ya yarda ba. Tun da hantsi yake fitowa da bokitin farar ƙasa yana ja wa filin layi, yana ɗingishi, layin kuma ya fito sambal. Kafin la'asar motoci sun fara tsayawa. Likitoci da masu haɗa magani sukan yi musayar aiki da abokansu don su zo. Direbobi da masu aikin gini su taho a bayan motar ɗaukar kaya, wasu ko wanka ba su samu sun yi ba. A yi sallah a gefen fili sahu ɗaya, a sallame, a koma ana yi wa alƙalin wasa ihu kamar ba yanzu aka gama neman gafara ba. Dutsen Uhudu yana bayan ragar arewa, idan rana ta yi sanyi sai ya yi ja. A duk garin nan ban san wani wuri da injiniya da lebura suke zama benci ɗaya suna musu da Hausa ba in ban da wannan fili.

Riguna goma sha takwas gare mu, koraye, kuma ba a ba kowa tasa ya tafi da ita. Ɗalibi yakan zo ya yi shekarunsa ya gama, a buga masa bizar fita daga ƙasar, rigar ta koma kan wani. To Habu ya kafa wata al'ada. Ranar Laraba, jajibirin wasan gida na ƙarshe a kakar, yakan kwashi rigunan ya kai wa matarsa Hajiya Asabe, ya faɗa mata mutum goma sha ɗayan da za su fara wasan. Ita kuma ta ɗinka sunan kowa da farin zare, da ajami, daga ciki a gindin rigar, ƙarƙashin sunayen waɗanda suka gabata. Ba a kiran suna ranar, ba a manna takarda. Yara su shigo ɗakin sauya kaya, kowa ya juya gindin rigar da yake fata ya duba. Na ga ƙato mai gemu ya juya riga ya ga sunansa ya zauna a ƙasa yana kuka.

Kuma hanya ɗaya ce tak ta shiga rigar: atisayen Talata. Habu ba ya tambayar ɗan wane ne kai. Wani babban mutum a cikinmu ya taɓa zuwa har ɗakin gwaje-gwaje a kan ɗansa, da doguwar gaisuwa da tambayar iyali. Habu ya saurare shi har ya gama, ya ce, "Alhaji, filin a buɗe yake kowace Talata. A turo shi." Mutumin ya yi shekara bai amsa sallamarsa da kyau ba. Ni a lokacin har faɗa na yi masa, na ce zaman baƙunta ba ya son irin wannan taurin kai. Dariya kawai ya yi.

Da ciwon ya kwantar da shi, ni nake zuwa asibiti bayan aiki. Kwana biyu kafin rasuwarsa ya kama hannuna ya ce, "Sani, rigunan dai. Kada ka bari a ɗinka sunan da bai yi gumi ba." Na ce in sha Allah, da sauri, irin amsar da ake ba mara lafiya don ya huta. Alkawari kaya ne, amma a ranar ban ji nauyinsa ba.

Shekara biyu na farko na riƙe abin yadda ya bar shi. A ta uku ne Idi, ɗan Maraɗi, dogo, marar magana, ya zama mai tsaron gidanmu na farko. Ya yi shekara biyu a benci yana jiran wanda ke gabansa ya gama, bai fasa Talata ko ɗaya ba. A wannan kakar shi ya tsare mana raga tun daga wasan farko, kuma saboda shi muka kai wasan ƙarshe muna na biyu. Shekararsa ta ƙarshe ce a kwalejin. Kowa ya san sunan da zai shiga riga mai lamba ɗaya.

Sai ga Dakta Bala a gidana a unguwar Aƙiƙ da kwalin dabino. Wannan likita shi ya tsaya a kan matata lokacin da aka yi mata aiki har Allah ya tashi kafaɗunta, kuma bai taɓa yi mini gori ba. Ɗansa Anas shi ne mai tsaron gidanmu na biyu, yaro mai ladabi, sai dai Talata takan same shi da uzuri. Dakta bai roƙe ni komai ba. Mun sha shayi, mun yi hirar gida, sai da ya kai bakin ƙofa yana sa takalmi ya ce, "Anas ma bana yake gamawa. Mahaifiyarsa tana ta tambaya ko za ta ga sunansa." Shi ke nan. Duk Bahaushe ya san abin da aka faɗa masa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, haka na gaya wa kaina, na manta cewa da kan wani zan yi askin.

Ranar Laraba na kai rigunan unguwar Ranuna, inda Hajiya Asabe ta koma wajen ɗanta. Na jero mata sunaye goma, ta gyaɗa kai a kowanne. Da na ce lamba ɗaya Anas, sai ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau. Ita ma kara ta yi mini, kamar yadda na yi wa Dakta, ta zura zare ta ɗinka.

Ina tsaye a ƙofar ɗakin sauya kaya lokacin da Idi ya ɗauki rigar ya juya gindinta. Ya karanta, ya sake karantawa. Sannan ya ninke ta da kyau ya miƙa wa Anas hannu biyu, ya ce, "Mabruk," wato barka, ya je ya zauna a benci. Da ya zage ni da na samu sauƙi. An ci mu uku da ɗaya a ranar, amma ba cin ne ya kashe mu ba. Sauran yara goman sun ga abin da aka yi, kuma sun fahimci cewa akwai wata ƙofar shiga riga wadda ba ta bi ta Talata. Idi ya gama karatu ya koma gida. Ya zo ya yi mini sallama da ladabi, bai ambaci maganar ba.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kaka ta gaba iyaye uku suka zo gaishe ni, kuma da wane baki zan hana su? Yaran da ba su da uba a Madina, waɗanda su ne ƙarfin ƙungiyar, suka fara janye jiki ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda na saka don iyayensu kuwa ba su ga dalilin zuwa atisaye ba, tunda ba shi ya kawo su ba. Masu kallo ma suka ragu. Direba ba zai bar aikin yini ya zo ya ga ana cin ƙungiyarsa biyar ba.

Nakan tambayi kaina me Habu zai ce in ya ga yau. Na san zai yi tsaki a kan yaran da ke zaune a benci da waya a hannu suna kallon wasan wata ƙasa alhali nasu yana gudana a gabansu. Zai yi mamakin filayen roba da ake haya awa guda a kowace unguwa, inda ba a bukatar koci balle farar ƙasa. Da ina so in fake, da na fake da waɗannan, kuma abokai sun sha ba ni wannan mafaka: zamani ne, Malam Sani, ba laifinka ba ne. Amma na san mutumin. Ba zai tsaya kan waya ba. Riga mai lamba ɗaya zai ɗauka ya juya.

Kakar bana sau biyu muka kasa cika goma sha ɗaya a wasan waje. Shugaban kwalejin ya kira ni ya ce in aka sake, an rufe ƙungiyar, filin kuma dama ana bukatarsa don ajiye motoci. Ban ga laifinsa ba. Da wasan gida na ƙarshe ya zo, ranar Laraba ban kai riguna Ranuna ba, don ba ni da sunaye goma sha ɗayan da zan faɗa. Ranar Alhamis na fito da hantsi na ja layi da kaina, ya fito a karkace. Yara shida suka zo. Baƙi suna ta ɗumama jiki a ɗaya gefen, alƙalin wasa yana duba agogo. Ya jira kwata ɗin awa, ya zo ya dafa kafaɗata ya ce, "Halas, ya ustaz," wato shi ke nan, ya busa usur. Masu kallo ba su kai ashirin ba, kuma yawancinsu tsofaffin zamanin Habu ne. Suka shiga motocinsu suka tafi.

Washegari bayan Juma'a na kai wa Hajiya Asabe jakar rigunan, tunda ita ta fi kowa haƙƙi a kansu. Idonta ya yi rauni yanzu, da yatsa take bin sunayen. Ta yi ta kiran su tana tambayar inda suke, wannan yana Zinder, wannan ya rasu, wannan ba a jin labarinsa. Da ta kai lamba ɗaya sai ta tsaya. Ta lalubo reza a cikin gwangwanin zarenta ta miƙo mini tare da rigar.

"Malam Sani, shekara huɗu ina jira ka dawo da ita ka ce in gyara. Kai ka sa aka ɗinka, kai za ka farke."

Na ce, "Hajiya, sai ki sa na Idi."

Ta ce, "Ba na ganin allura yanzu. Kuma wa zai juya ya gani?"

Na zauna a tabarmarta na farke zaren harafi bayan harafi. Anas bai yi mini laifin komai ba, kuma na ji kunyarsa ina yi. Zaren ya fita, amma hujin allurar yana nan, duk wanda ya ɗaga rigar a haske zai karanta sunan. Na aika wa Idi saƙo a lambar da nake da ita, na faɗa masa abin da ya kamata in faɗa tun a ƙofar ɗakin nan. An karanta. Har yau ba amsa, kuma ban ga dalilin da zai sa ya amsa ba.

To me ya rage na Malam Habu? Filin zai zama wurin ajiye motoci kafin ƙarshen shekara. Kabarinsa a Baƙi'a ba alama, ko ni ba zan iya nuna shi ba. Akwai maza a Kano da Maraɗi da Abeche waɗanda na tabbata in sun ba 'ya'yansu labarin Madina sukan ambaci wani gurgun mutum da bai taɓa sayar da guminsu ba, kuma ina fatan wannan ya tsaya masa a gaban Allah. A nan kuwa abin da ya rage jaka ce ɗaya a ƙarƙashin gadon wata tsohuwa a Ranuna. Sunayen da ke saman kowace riga na zamaninsa ne, kuma babu na kunya a cikinsu. Allah ya jiƙan Habu, ya sa ya huta. Ni kuma da na ce masa in sha Allah, ban san da wace fuska zan same shi ba.