Mama Lai'atu, Antin 'Yan Matan Tasha

Mama Lai'atu ba ta taɓa haihuwa ba, ba ta kuma iya karatu ba. Ƙosai take soyawa a bakin tashar motar Kafanchan, bakinta kuwa ya fi man suyar zafi. Mu 'yan makarantar kwana muna tsoronta, amma da ta juya baya sai mu kwaikwayi tafiyarta.

Dokarta ɗaya ce. Ranar hutu takan tara mu gindin mangwaro ta ce, "Duk namijin da ya ce zai rage maki hanya, ki ce bari in gaya ma antina. Ni ne antin."

Hutun Kirsimetin 1976, ina shekara goma sha biyar, motar garinmu Gwantu ta cika ta bar ni. Sai ga wani mutum a farar Fijo. Ya saya mini Fanta, ya ce can ya nufa, ya ce idanuna suna da kyau. Gaskiya na ji daɗi, ba wanda ya taɓa gaya mini haka. Har na sa akwatina a motar, sai na ji bakina ya ce, "Bari in gaya ma antina."

Mama Lai'atu ta ji, ta taso da cokalin suya a hannu. "Sannu, ɗana. Wane ne babanka? Wane ƙauye? Wane coci? Faɗa da ƙarfi, gobe muna taron Zumuntar Mata na coci, sai in gaishe da matarka."

Ya ce sunansa Martins. Sunan uban ya maƙale a wuya. Ya sauke akwatina, ya kama hanyar Zonkwa, wadda ba ta kai mutum Gwantu.

Na cika na yi fam. Ba ta kula ba. Ta zaunar da ni kan benci, ta bayyana mini ɓaro-ɓaro yadda ciki ke shiga, ko da sau ɗaya ne, abin da uwata ke kunyar faɗa. Sannan ta sa ni a mota ta gaba, kusa da matar wani fasto.

A Janairu 'yan ajinmu biyu ba su dawo ba, ciki ya raba su da makaranta. Ni na dawo, na gama, na zama nas. Har yau ina gode mata, ina kuma jin kunyar kwaikwayon da na yi.

Ranar binne ta, faston baƙo ne, bai san ta ba. Ya ce 'ya'yan marigayiya su miƙe. Mu talatin da ɗaya muka tashi.